BAKIN DA YA IYA CINIKI, ME YA HANA SHI JAWABI?

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwar hatsi ya gabatar a taron ƙungiya, a nan garin Potiskum



 

Jama'a, mu ba malamai ba ne, ba kuma 'yan boko ba. Karatunmu na Islamiyya ne, sauran iliminmu kuwa a bakin buhun gero da wake muka same shi. Saboda haka in kun ji mun yi tuntuɓe a wani wuri, to ku yi mana afuwa, domin tuntuɓen ma yana cikin abin da muka zo magana a kansa. Abin da shugabanni suka ce mu yi bayani shi ne wasannin nan da wasunmu suka soma yi a zaure don koyon tsayuwa gaban jama'a, waɗanda wasu suka ji labarinsu suka yi dariya, wasu kuma suka ce girma ya faɗi.

ABIN DA YA JAWO MAGANAR

Bari mu fara da abin kunyar da ya same mu, tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wasu shekaru da suka wuce an kira taro a kan sake rabon rumfuna a wani sashe na kasuwa. Kowane ɓangare ya zo da mutanensa, mu ma muka je mu goma sha biyu. Dattijon da ya saba yi mana magana a irin wannan wuri, Allah ya jiƙansa, ranar yana kwance a asibiti. Aka yi ta kiran ɓangarori ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tashi ya faɗi hujjarsa ya zauna. Da aka zo kanmu aka ce wa zai yi magana, sai muka shiga kallon juna, wannan ya taɓa wannan, wancan ya sunkuyar da kai. A ƙarshe aka tura wanda ke tsaye gabanku yanzu. Takarda na hannu, amma takardar sai rawa take yi kamar ganyen darbejiya. Aka yi sallama, aka sake yin sallama, aka gode wa shugabanni har sau uku, miyau ya ƙafe, aka ce duk abin da manya suka yanke daidai ne, aka zauna.

To, manyan kuwa suka yanke. Layin da iyayenmu suka yi shekaru suna zama a cikinsa ya koma hannun wasu, aka mai da mu can ƙurya. Kuma a gaskiya ba wanda ya zalunce mu. Hujja muna da ita, har da tsofaffin rasit a aljihu, bakin faɗi ne ba mu da shi. Da rashin tayi akan bar arha.

Abin da ya fi ba mu mamaki da muka dawo shi ne, mu goma sha biyun nan ba wanda ba gwanin baki ba ne a kasuwa. A cikinmu akwai dillalin da zai tsaya a Kara tsakanin Bafulatani mai sa da mai saye daga Kudu, ya juya harshe biyu ko uku, bai rabu da su ba sai an sallama. Akwai wanda zai yi awa guda yana ciniki a kan buhu hamsin ba takarda ba alƙalami. Ashe bakin da ya iya ciniki yana iya mutuwa da zarar an miƙa masa lasifika.

ME YA SA ABIN YA SHAFE MU MUSAMMAN

'Yan uwa, mun san matsayinmu a garin nan. Iyayenmu da kakanninmu sun zo daga Kano, Haɗeja, Katagum, Katsina, Damagaram da sauran wurare, fatauci ya kawo su, suka tarar da Ngizimawa da Bolawa da Karekare, aka karɓe su hannu biyu, aka yi auratayya. Yawancinmu nan aka binne cibiyarmu. Muna nan aka ƙirƙiro Jihar Yobe daga Borno a watan Agustan 1991, har akwai mazaɓa guda mai sunan Hausawa Asibiti. Gari ne mai fada biyu, ta Mai Martaba Sarkin Fika da ta Mai Martaba Sarkin Potiskum, ga ƙaramar hukuma, ga kwamitocin kasuwa, ga taron iyayen yara a makarantu, ga Damaturu in abu ya yi girma. Duk waɗannan wurare da baki ake shigarsu. Wanda yake zaune cikin mutane a matsayin wanda ya zo ya tarar, ba shi da makamin da ya wuce lafazi mai daɗi da hujja a tsare. In ya yi shiru a manta da shi, in ya yi magana cikin fushi da kame-kame ya ɓata zaman da iyaye suka gina.

Daɗin daɗawa, dattawan da suka saba tsaya mana suna ta ƙarewa. Samarin da za su gaje su kuwa sun tashi ne a shekarun tashin hankali. Ba mu manta da harin da aka kai Kara a watan Mayun 2012 ba, da wanda aka kai wa 'yan makarantar sakandare a watan Nuwambar 2014, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A waɗannan shekaru mu da kanmu muka riƙa ce wa yaranmu su kama bakinsu, kada su tsaya cikin taro, su shiga gida da wuri. Dole ce ta sa, amma yaron da ya girma a kan "yi shiru", ba ranar da za ka ce masa "tashi ka yi magana" ya tashi. Yanzu ga waya a hannun kowa, sai ka ga saurayi ya cika WhatsApp da rubutu, amma a ce ya yi godiya a wurin ɗaurin aure sai gumi ya keto masa.

TSORON NAN MENE NE

Da farko mu raba kunya da tsoro. Kunya ado ce, addini ya yabe ta, ita ce ke hana yaro katse babba ko ɗaga murya a gaban surukai. Tsoro kuwa shi ne a ba ka dama, gaskiya na bakinka, ka kasa fitar da ita. Mun daɗe muna sa wa tsoro rigar kunya muna yabonsa.

Likitoci sun yi bayanin cewa in idanu suka yi wa mutum yawa, jikinsa yakan ɗauki abin kamar haɗari ne ya taso, sai ya saki wani sinadari da ake kira adirinalin. Shi ne ke sa zuciya bugawa da sauri, hannu ya yi rawa, baki ya bushe, numfashi ya gajarce. Wato ba rashin ilimi ba ne, ba kuma sammu ba ne. Kuma sun tabbatar da cewa in mutum ya riƙa shiga abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, yana fita lafiya, jikin yakan saba har firgicin ya ragu. Mu 'yan Islamiyya ma mun karanta a Suratu Ɗaha cewa da aka aiki Annabi Musa, alaihis salam, wurin Fir'auna, ya roƙi Ubangiji buɗin ƙirji da warwarewar harshe, ya kuma nemi a haɗa shi da ɗan uwansa Haruna. In haka ne, ashe ba abin kunya ba ne mutum ya ce harshensa na neman taimako.

To, me ya sa ba ma jin wannan tsoro a kasuwa? Saboda tun muna yara muke yi, kuma in ka yi kuskure a ciniki mai saye ya tafi, wani zai zo. A taro kuwa sau ɗaya ake kiranka a shekara, kuma kana ganin in ka yi kuskure mutuncinka ya zube. Maganin ke nan a samu wurin da mutum zai yi kuskure sau ɗari ba a caje shi ko kwabo ba. Wannan wuri shi ne wasa.

BA BAƘON ABU BA NE

Masu cewa mun kwaso al'adar Turawa, mu tambaye su: wa ya rubuta mana abin da muke faɗa a tashe? In azumi ya kai goma, yaro ɗan shekara tara zai rataya tsumma ya zama Jatau mai magani, ko ya manna auduga ya zama tsoho, ya shiga gidan da bai taɓa shiga ba, ya tsaya gaban maigida da matansa. In aka jefo masa tambaya nan take zai ƙago amsa. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu. A ƙauyukan ƙasar Hausa kuma, bayan an kawar da amfanin gona, samari kan yi kalankuwa, su naɗa gwamnansu da alƙalinsu da 'yan sandansu, a kawo ƙara a yi shari'a, kowa na magana da bakin muƙaminsa. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa. Ga tatsuniya da kacici-kacici da karya harshe a dandali. Duk makarantun baki ne, mu ne dai ba mu ba su sunan ba, kuma da dandali ya mutu sai makarantar ta mutu tare da shi.

Haka 'yan wasan da muka taso muna saurare a rediyo da talabijin na Kaduna, irin su marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a 2023, da marigayi Ƙasimu Yero da ya rasu a 2017. Yawancin wasannin Hausa na wancan zamani ba a rubuta wa kowa kalmomin da zai faɗa. A zauna a tsara ƙashin labari, kowa ya san matsayinsa, sauran kuwa bakinsa ne zai fisshe shi. A ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun ɗauki wannan hanya zuwa garuruwa irin su Soba da Maska, inda aka riƙa ƙaga wasa a kan matsalolin manoma, a yi shi a gabansu, sannan a buɗe fili su faɗi abin da ke ransu.

Ko a ƙasashen waje ma, abin da ya ba mu sha'awa shi ne tushen abin yana wajen baƙi ne irinmu. A birnin Shikago na Amurka, wata mata mai suna Bayola Sifolin ta yi aiki da yaran unguwannin 'yan ci-rani wajen 1939 zuwa 1941. Da ta ga ba za a ci nasara da ba su rubutu su haddace ba, sai ta riƙa ƙago musu wasanni, hankalin yaro ya tafi kan dokar wasan har ya manta ana kallonsa. A 1963 ta tattara wasannin a littafi, har yau ana aiki da su. Akwai kuma ƙungiyar koyon jawabi mai suna Toastmasters da aka kafa a Kalifoniya a 1924, wadda a zamanta akan jefa wa mutum tambaya ba shiri, ya tashi ya yi magana ta minti ɗaya zuwa biyu.

YADDA MUKE YI A ZAURE

Mun fara mu tara, daren Juma'a bayan sallar isha'i, awa ɗaya tak. Kayan aikinmu tabarma, hula da agogon waya. Wasanni biyar muke juyawa.

Na farko, tallan minti ɗaya. A miƙa wa mutum duk abin da hannu ya kai, ko buta, ko tsohon takalmi ƙafa ɗaya, ko murfin tukunya, a ce ya miƙe tsaye ya sayar mana da shi cikin minti guda ba tsayawa. Da wannan muke farawa saboda ɗan kasuwa a gidansa yake. Kafin ya farga ya yi jawabi a tsaye gaban mutum takwas.

Na biyu, "haka ne, kuma". Mutum biyu su fuskanci juna. Na farko ya faɗi magana, alal misali, "gobe za mu kai wake Legas a kan jaki". Na biyu ba shi da ikon musu, dole ya ce "haka ne, kuma", ya ɗora nasa. Haka za su yi ta yi. Wannan yana koya wa mutum sauraro, da karɓar abin da aka jefo masa ya yi gini a kai, maimakon ya daskare don ba abin da ya shirya ba ne. Mu da muka saba da cewa "albarka" ga kowane tayi, wannan wasa ya ba mu wuya ƙwarai.

Na uku, igiyar labari. A zauna a da'ira, kowa ya faɗi jimla ɗaya, na kusa da shi ya ci gaba, har labari ya zagayo. Ba wanda ya san inda za a, saboda haka ba wanda za a ce shi ya ɓata. Mai tsananin tsoro da wannan ya kamata a fara masa, tun da a zaune ake yi kuma nauyinsa jimla ɗaya ce.

Na huɗu, hular tambaya. Kowa ya rubuta tambaya, da boko ko da ajami, a zuba a hula. Wanda ya zaro zai yi numfashi sau uku, sannan ya amsa cikin minti biyu a kan tsari guda: ga ra'ayina, ga dalilina, ga misali, ga abin da nake roƙo. In ya gama ya zauna, ba ƙari. Wannan tsari mai ƙafa huɗu shi ne abin da muka rasa ranar rabon rumfuna.

Na biyar, zaman fada, wanda kalankuwa ce muka rage mata tsawo. Ɗaya ya zama shugaban taro, ɗaya mai kawo kuka, ɗaya mai hamayya, a kuma sa wani ya riƙa katse magana da gangan. A ɗauko matsala ta gaske, kamar magudanar ruwa da ta toshe a unguwa ko kuɗin haraji da aka ƙara. Bayan an gama sai a musanya matsayi, mai kuka ya koma kujerar shugaba. Wallahi wanda ya zauna a kujerar nan sau ɗaya yakan gane cewa shugaba ma mutum ne, kuma abin da yake so shi ne a gajarce masa a faɗi abin da ake nema.

Dokokinmu huɗu ne. Ana dariya da mutum, ba a yi masa dariya. Abin da ya faru a zaure ya tsaya a zaure, ba ɗauka a waya. Ba a kwaikwayon wata ƙabila ko wani mutum sananne, ko da tashe ya saba yin haka, domin mu zaman amana muke yi da maƙwabta. Sannan ba a wasa da abin da ya shafi addini.

ABIN DA MUKA GANI

Ba za mu yi muku ƙarya mu ce kowa ya zama mai wa'azi ba. Cikin mu tara, biyu sun daina zuwa tun mako na uku, ɗaya ya ce shi da gemunsa ba zai tsaya yana tallan buta gaban yaran shagonsa ba. Mun fahimce shi, shi ya sa yanzu muka raba, manya daban samari daban. Har gobe in za mu tashi gaban jama'a gabanmu na faɗuwa, yanzu haka ma da aka kira sunanmu ya faɗi. Bambancin shi ne mun san faɗuwar gaban ba ta kisa, minti ɗaya ne ta wuce.

Amma akwai wani yaro mai ɗinkin buhu, wanda da farko ko sunansa ba ya iya faɗa sai yana kallon ƙasa. Bayan wata huɗu aka yi taron iyaye a makarantar ƙannensa, mahaifinsu ba ya gari, shi ya je. Ya tashi ya yi magana a kan ajin da rufinsa ya yaye, ya faɗi dalili, ya kawo misali, ya yi roƙo, ya zauna. Aka kafa kwamiti aka sa shi a ciki. Da ya zo yana ba mu labari cewa ya yi, shi dai ya ɗauka hula ce aka miƙo masa.

ROƘONMU GA ƘUNGIYA

A ƙarshe muna roƙon abu huɗu. A ware rabin awa a kowane taron wata don waɗannan wasanni, samari su yi, manya su kalla su gyara. Malamanmu na Islamiyya su duba yiwuwar sa hular tambaya da igiyar labari a ranar da ake muhawara, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyayenmu mata su yi nasu a makarantunsu na matan aure, tsakaninsu, tun da su ma suna da asibiti da makarantar yara da taron biki inda ake bukatar bakinsu. Sannan duk tawagar da za ta fita da sunan ƙungiya, kada ta dogara da mutum ɗaya. A tanadi uku, a yi zaman fada kwana biyu kafin ranar, kuma a tafi da saurayi ɗaya ko da gaisuwa kawai zai yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rumfunan nan sun tafi, ba kuma don a dawo da su muka yi wannan magana ba. Abin da muke gudu shi ne wata rana a sake cewa wa zai yi magana, 'ya'yanmu su shiga kallon juna kamar yadda muka yi. Zaurenmu a buɗe yake kowane daren Juma'a, wanda zai zo ya zo da hularsa.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, kuskurenmu ya yafe mana. Allah ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya, ya ƙara mana haɗin kai da maƙwabtanmu, ya jiƙan iyayenmu, ya sa albarka a kasuwa.